Musanyar Ruwan Jini: In Leɓenka Ya Fara Minjirya, Ka Faɗa

 

Zancenmu na yau ya taso daga tambayar da wani dattijo ya yi mini a ajin dare. Ɗansa ne ƙafafunsa suka mutu cikin mako guda, ciwon ya yi ta hawa har ya kusa ƙirji. Aka kai shi wata ƙasa magani, likitoci suka haɗa shi da wata na'ura mai tace jini. Da yaron ya dawo gida sai ya ba da labari. Ya ce ana cikin aikin ya ji bakinsa yana minjirya, kan yatsunsa kamar kiyashi na yawo, amma ya yi shiru don kada a ce ya cika raki. Sai da hannunsa ya ƙage ma'aikaciyar jinya ta lura, ta tsai da na'ura, ta yi masa allura, sa'an nan ta rufe shi da faɗa. Dattijon ya ce mini, "Malam, ina laifin yaro, shi da ya daure?"

To, ma'aikaciyar nan ta fi shi gaskiya. Amma kafin ku yarda da ni, sai mun san abin da ke cikin jini, da abin da na'urar nan ke yi masa.

Jinin babban mutum ya kai wajen lita 5. In aka zuba jini cikin kwalba, aka hana shi daskarewa, aka bar shi ya kwanta, za ku ga ya rabu biyu. Ƙwayoyin jini, masu ja, su koma ƙasa. Wani ruwa fatsi-fatsi, mai kama da man gyaɗa, ya taso sama. Wannan shi ne ruwan jini, likitoci suna ce masa filasma. Shi ya fi yawa, wajen kashi 55 cikin 100, watau kusan lita 3 a jikin babba. Cikinsa abinci ke tafiya, da gishiri iri iri, da dakarun da jiki ke ƙerawa don yaƙi da cuta.

Wani lokaci dakarun nan sukan yi kuskure, su juya su afka wa mai gida. In suka afka wa jijiyoyin da ke kai saƙo ga gaɓoɓi, sai ƙafafu su mutu, ciwon ya hau sama. Irin ciwon ɗan dattijon nan ke nan. Likitocin Faransa, Guillain da Barré da Strohl, su suka bayyana shi a 1916, ana kuwa kiransa da sunan biyun farko. Akwai wani mai sa fatar ido ta faɗi, tauna da haɗiya su gagara, har numfashi ya yi wuya. Akwai mai cin ƙoda da huhu tare. Akwai kuma mai sa jini ya yi ƙananan gudaji cikin hanyoyinsa. A irin waɗannan, mugun abin yana cikin ruwan jini. Dabarar ita ce a fid da ruwan, a zubar, a mai da wa mutum ƙwayoyin jininsa tare da wani ruwa mai tsabta. Wannan shi ake kira musanyar ruwan jini. Wani masani a Amurka, John Abel, ya gwada ta ga karnuka a 1914. Yau aikin manyan asibitoci ne masu na'ura ta musamman, ba a yin sa a ɗakin shan magani na ƙauye. Zama guda yakan ci awa 2 zuwa 3, a musanya lita 3 ko 4. Mai ciwon mutuwar ƙafafun nan akan yi masa kamar sau 5 cikin mako 2.

Ga inda wuyar ta ke. Duk wanda ya taɓa yanka ragon layya ya san jini ba ya daɗewa a waje. Kafin a gama fiɗa ya zama gudaji. In jini ya daskare cikin na'ura, aiki ya ɓaci. Tun 1890 masana biyu a Faransa, Arthus da Pagès, suka gano cewa jini ba ya daskarewa sai da wani sinadari mai suna kalsiyom. Kun san shi ko ba ku san sunansa ba. Shi ne ƙarfin ƙashi da haƙori, yana cikin ɓawon ƙwai, yana cikin nono. In aka kama kalsiyom ɗin da ke cikin jini aka ɗaure, sai jinin ya zauna ruwa.

Abin da ke ɗaure shi sunansa sitarat, ɗan uwan tsamin da ke cikin lemun tsami. A 1914 wani likita a Beljiyam, Albert Hustin, da wani a Ajantina, Luis Agote, kowa a garinsa, suka yi wa mutum ƙarin jini da aka zuba wa sitarat. A 1915 Richard Lewisohn a birnin New York ya gano gwargwadon da zai hana daskarewa ba tare da ya cuci mutum ba. Kafin wannan, sai an kwantar da mai ba da jini kusa da mai karɓa. Bayansa ne aka iya ajiye jini, a ɗauke shi daga wannan gari zuwa wancan. Har yau ledar jinin da ke fitowa daga cibiyar ƙarin jini ta ƙasa a nan Yamai, a kai Asibitin Ƙasa ko gidan haihuwa na Issaka Gazobi, da sitarat a cikinta. Leda mai cin mililita 450 na jini tana da mililita 63 na ruwan hana daskarewa. In kun ga an rubuta CPDA-1 a jikin leda, harafin C na farko sitarat ya ke nufi, jinin kuwa yakan kai kwana 35 cikin sanyi. Saboda haka sitarat ba abokin gaba ba ne. Rayukan da ya ceta Allah kaɗai ya san adadinsu.

Sai dai kalsiyom ba aikin daskarar da jini kaɗai ya ke yi ba. Shi ke sa jijiyoyi su natsu, kada su yi ta aika saƙon banza. Shi ke sa tsoka ta motsa daidai. Zuciya ma, da ya ke tsoka ce, ba ta bugawa daidai sai da shi. A cikin na'ura ana ɗiga sitarat kan jini tun yana fitowa daga hannu, wajen kashi 1 na sitarat ga kashi 12 na jini. Mafi yawansa yakan bi ruwan da aka zubar. Amma saura yana komawa jikin mai ciwo, ya ci gaba da kamun kalsiyom a can, don bai san bambancin na'ura da jiki ba.

Wani zai ce, ai an ce ƙashi cike ya ke da kalsiyom, ina abin tsoro? Gaskiya ne. Jikin babban mutum yana da wajen kilo 1, kashi 99 cikin 100 kuwa yana cikin ƙashi da haƙora. Amma ku ɗauki ƙashi kamar rumbu, jini kuwa kamar ƙwaryar tsabar da aka fitar don tuwon yau. Duk abin da ke cikin jini bai kai rabin giram ba. Cikin wannan ɗan kaɗan ma, wajen rabi ne kawai ke sake yana aiki, sauran a ɗaure ya ke, galibi jikin wani sinadari na ruwan jini mai suna albumin. A wuya, bayan inda maƙoƙo ke fitowa, akwai wasu ƴan ƙananan halittu guda 4. Su ne masu riƙe da makullin rumbu. In kalsiyom ya ragu a jini sai su ba da umurni a ɗebo daga ƙashi. Hanta kuma tana ƙona sitarat, tsoka da ƙoda suna taya ta, sai kalsiyom ɗin da aka kama ya kuɓuta. Duk wannan yana tafiya, amma da nasa saurin. In na'ura ta fi hanta sauri, sai ƙwarya ta yi ƙasa alhali rumbu yana cike. Mutum mai ƙashi kamar na raƙumi ma abin yana iya samunsa.

Ruwan da ake mayar wa mutum shi ma yana da nasa hannu. In ruwan albumin ne, ba shi da kalsiyom, yana shiga jiki kuwa sai ya kama wanda ya tarar. In ruwan jinin wasu mutane ne, wanda aka daskarar aka ajiye, to, kowace leda da sitarat ɗinta ta ke zuwa. Shi ya sa wanda ake yi wa musanya da irin wannan ya fi shiga haɗari.

Yanzu ku kasa kunne, ga alamomin. Abin yakan fara daga baki. Leɓe da kewayen baki su yi minjirya, irin ta wanda ya daɗe zaune kan ƙafarsa. Harshe ya ji ɗanɗano kamar an tsotsi ƙarfe. Kan yatsun hannu da na ƙafa su yi kamar kiyashi na tafiya. Wani ya ji sanyi, wani ya ji ƙirjinsa na kaɗawa daga ciki kamar yana zaune cikin tsohuwar mota. Wani tashin zuciya zai ji, ko jiri. Wannan shi ne matakin farko, maganinsa kuwa ba wuya. Sau da yawa in an rage gudun na'ura, ko an tsai da ita na ƴan mintoci, abin ya wuce.

In ba a yi kome ba sai ya ci gaba. Tsoka ta fara tsalle, ciki ya murɗa, amai ya zo. Hannu ya ƙage, yatsu su haɗe wuri guda, babban yatsa ya shige tafi, wuyan hannu ya tanƙware. Likitan Faransa Armand Trousseau ya bayyana wannan ƙagewa tun 1861, har yau kuwa akan gwada ta da abin awon hawan jini, a hura shi a damtse a ga ko hannu zai ƙage. Bayan wannan sai mataki na ƙarshe, Allah ya kiyashe mu. Maƙogwaro ya shaƙe, mutum ya yi farfaɗiya, jini ya sauka, bugun zuciya ya rikice har ta iya tsayawa. Ba kasafai ake kai wa nan ba, domin ma'aikata suna tsaye a kai. Amma hanyar da ke zuwa can daga leɓe ta ke farawa.

To, ga amsar dattijo. Na'ura tana ƙirga jinin da ya fita da wanda ya koma. Allon awo yana nuna bugun zuciya. Amma ba na'urar da ke jin minjiryar leɓenka sai kai. Mu an tashe mu da dauriya. Yaro a wurin kaciya ba ya kuka, mace mai naƙuda tana cije baki, namiji ba ya cewa wayyo gaban mata. Hali ne mai kyau a wurinsa. A kan gadon musanya kuwa, wanda ya daure ya ɓoye wa likita labarin da shi kaɗai ke da shi. Abin da za a kashe da ƙwaya biyu da minti biyar, sai ya zama na gudu da allurai. Yaron nan bai yi jarunta ba, mai gadi ne da ya ga hayaƙi ya yi shiru. Kuma kada ka ce bari in ga ko zai wuce. Da ka ji, faɗi. In ya dawo bayan an gyara, sake faɗi, ko sau goma ne. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ce ka dame shi ba.

Su ma'aikata, ga irin shirin da su ke yi, don ku san abin da ku ke gani. Kafin a fara akan ɗebi jini a auna kalsiyom. Awon iri biyu ne. Akwai na jimla, akwai na wanda ke sake. Na biyun ne abin dubawa a nan, domin awon jimla yana ƙirgawa har da wanda sitarat ya ɗaure, sai takarda ta nuna lafiya lau alhali mutum yana ƙagewa. Ga mai lafiya, sakakken yakan tsaya tsakanin 1.1 da 1.3 a ma'aunin likita. Akan duba wani sinadari kuma, magneziyom, don sitarat yana kama shi shi ma, in kuwa ya yi ƙasa, kalsiyom ba ya tashi ko an ba da shi. Akan auna nauyin mutum da tsawonsa, a gaya wa na'ura, don ta san iyakar sitarat ɗin da jikinsa zai iya ɗauka a minti guda. Sa'an nan akan ba da ƙwayar kalsiyom a tauna. A asibitoci da yawa ba a jiran alama ma, sai a rataya ƙarin ruwa mai kalsiyom yana ɗiga a hankali ta hanyar da jini ke komowa, tun daga farko har ƙarshe. Wannan ya fi a jira sai mutum ya ƙage a yi masa allura. Akan ɗumama ruwan da ake mayarwa, domin jiki mai sanyi ba ya ƙona sitarat da sauri. Wanda hantarsa ta lalace ƙwarai, likita yana iya rage sitarat ya haɗa da wani maganin hana daskarewa mai suna heparin, ko da ya ke shi ma da nasa haɗari na zubar jini.

Allurar kalsiyom iri biyu ce. Mai suna gulukonat ita aka fi yi, kwalbar mililita 10 tana ɗauke da wajen miligiram 90. Mai suna kulorur ta ninka ta sau 3, in kuwa ta zuba wajen jijiya tana cin nama. Kowace daga ciki a hankali ake tura ta, don in aka tura da gaggawa ita kanta tana rikita zuciya. Ba a kuma zuba ta cikin ledar jini, don jinin zai daskare nan take. Na faɗi wannan ne saboda masu sayen allura a kasuwa su kai wa wani ya yi musu a zaure. Wannan ba irin allurar nan ba ce.

Akwai waɗanda ya kamata a fi sa wa ido. Na farko mai ciwon hanta. Ciwon hanta mai lamba B kuwa ya yi yawa a ƙasarmu, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. In ka san kana da shi, ko ka taɓa yin shawara idonka ya yi ɗorawa, gaya wa likita tun kafin ya tambaya. Haka mai ciwon ƙoda. Haka yara, da duk mai ƙaramin jiki, don jininsu kaɗan ne. Sai kuma wanda ba ya iya magana, jariri ko wanda ya suma ko wanda aka sa wa na'urar numfashi. Waɗannan ba su da bakin faɗa, saboda haka akan yawaita musu awon jini. Ke uwa, in an bar ki kusa da ɗanki, duba hannunsa da fuskarsa. In kin ga yatsu na ƙagewa, ko gefen baki na motsi shi kaɗai, ko kuka ya sake, kira ma'aikaci.

Naku shirin kuma ga shi. Ku tattara duk magungunan da ku ke sha, na asibiti da na gargajiya, ku kai wa likita ya gani da idonsa. Akwai maganin hawan jini da akan dakatar kwana 1 ko 2 kafin musanya. Akwai maganin sa fitsari mai zubar da kalsiyom. Akwai na zuciya, digoksin, wanda ba ya shiri da allurar kalsiyom. Likita ne zai ce a tsaya ko a ci gaba, kada ku yanke da kanku. In ba a hana ku ci ba, kada ku zo da yunwa. A kwanakin ku riƙa shan nono ko madara, fura da nono ma ta yi, da miyar kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Amma fa kada wani ya ɗauka ƙwaryar nono za ta tsaya a madadin abin da likita zai ba shi. Abinci rumbu ya ke cikawa, a hankali.

Wata mata a aji ta ce, to, ai sai mutum ya jiƙa kanwa ya sha kafin ya tafi, tun da ita ma farar ƙasa ce. A'a. Kanwa ba kalsiyom ba ce, dangin gishiri ce. In ta yi yawa a jiki tana rage tsamin jini, in kuwa tsamin jini ya ragu sai albumin ya ƙara damƙe kalsiyom. Watau ta ƙara wa wuta ice. Haka kuma numfashi sama sama na mai tsoro, shi ma yana rage tsamin jini, ya kawo minjirya ko ya ƙara ta. In gabanka ya faɗi, ja numfashi a hankali, ka saki a hankali, ka kuma gaya wa ma'aikaci kana jin tsoro.

Wani zai ce wannan zance na masu zuwa manyan asibitoci ne, ina ruwan talaka? Da ruwansa. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, aka ƙara mata leda da yawa a jere cikin gaggawa, sitarat ɗin ledojin nan duka jikinta ya shiga. Haka wanda ya yi haɗarin mota. Haka mai cutar emasi, watau amosanin jini, da ake musanya wa jini, da jaririn da shawara ta yi wa tsanani aka musanya masa nasa. Alamomin ɗaya ne, abin yi ma ɗaya ne. Amma leda 1 ko 2 da aka ƙara wa babba a hankali, hanta mai lafiya tana gamawa da sitarat ɗinsu ba tare da ya ji kome ba. Mai ba da leda guda ta jini kuwa, sitarat ba ya shiga jikinsa ko kaɗan, yana cikin leda. Kada wani ya fake da zancen nan ya ƙi ba da jini ranar da aka nema.

Bayan an gama musanya, hanta takan share sauran sitarat cikin ƴan awoyi. Ka zauna ka huta kafin ka miƙe, ka miƙe a hankali. In ka koma ɗaki ko gida minjirya ta dawo, ko tsoka na ƙagewa, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, kada ka jira zama na gaba, koma nan da nan. Ran zama na gaba kuma ka tuna wa ma'aikaci abin da ya same ka, don ya ƙara kalsiyom ko ya rage gudu tun daga farko.

Malaman aji, ga aikin wannan mako. Ku rubuta haruffa biyu a allo, babban C da ƙaramin a, watau Ca. Haka ake taƙaita kalsiyom a takardar awon jini, ko da wane harshe aka rubuta ta. Ku sa kowa ya kwafa, sa'an nan ya rubuta wannan jimla a littafinsa: bakina yana minjirya. Wanda kuma zai raka majinyaci inda ba a jin Hausa, ya nemi tafinta tun kafin a kunna na'ura, su shirya ishara da ma'aikaci. Hannu biyu sukan kasance da allura, ba a so a motsa su, don haka a zaɓi wadda ba ta bukatar hannu, kamar kaɗa ƙafa ko kiran sunan ma'aikacin sau biyu. A gwada ta sau ɗaya a gabansa kafin jini ya fara fita.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.